Ku Kira Wancan Ma

Zainab, Usman, Habiba, wannan babin naku ne ku uku, kuma ina so ku karanta shi a zaune, ba a tsaye kuna latsa waya ba. Ranar sunan 'yar Habiba ina ɗaki ina jin ku a tsakar gida. Kun ɗauka barci nake, to idona biyu. Usman ne ya ce yayanku ya zaɓi jita a kan mahaifinsa. Zainab ta ce wanda kiɗa ya hana shi ganin gawar ubansa ba shi da bakin magana a gidan nan. Habiba ta yi shiru, irin shirun nan nata da ya fi magana ciwo. Na juya na fuskanci bango ban ce komai ba, kamar yadda na saba. Shekaru ke nan kuna faɗa ina shiru, har kuka ɗauka yarda ce. Ba yarda ba ce, kunya ce. Yayanku ɗan fari ne. A gidan da na tashi uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yabonsa, ba ta tare masa faɗa a gaban mutane, ko da ƙannensa ne mutanen. Haka aka rene ni, haka na yi, kun kuma shaida har yau bakina bai taɓa furta sunansa ba. Amma ƙafafuna sun fara nauyi, likita ya fara yi mini magana a hankali, ba zan tafi in bar ku da rabin labari ba.

Abin da kuke tunawa na Guangzhou kaɗan ne, don kuna ƙanana muka mayar da ku Kano wajen Gwaggonku Rabi saboda makaranta da Islamiyya. Shi yayanku ya riga ya yi nisa a makarantar 'yan China, yarensu ya zauna masa a baki, mahaifinku kuma yana buƙatar tafinta, sai muka bar shi tare da mu. Gidanmu yana can saman wani dogon bene a unguwar Xiaobei, ɗakuna biyu da kicin ɗin da mutum biyu ba sa iya juyawa a ciki. Garin zafi ne mai danshi, ka yi wanka ka fito kamar ba ka yi ba, shanya ta wuni ta kwana ba ta bushe ba. Ni ban taɓa sabawa da shi ba. Akwatina ɗaya kullum a ɗaure yake a ƙarƙashin gado, kullum cewa nake bana za mu koma gida, bana ta wuce wata ta zo, ni dai ina leƙen titi ta taga ina lissafin me kuke ci a Kano.

Sana'ar mahaifinku sifika ce, kun sani, amma ba ku san ainihin abin da ake zuwa nema a wajensa ba. Sifika kowa yana iya sayarwa. Abin da Alhaji Sabo yake da shi kunne ne. Ɗan kasuwa zai taso daga Kano ko Maraɗi ko Yamai da odar sifikun masallaci, na gidan biki, na masu tallan magani a mota, amma ba zai yarda a rufe masa kwantena a tashar jiragen ruwa ta Huangpu ba sai Alhaji ya je masana'anta ya saurara da kansa. Ofishinsa a titin Liuhua Lu ɗan ƙarami ne, kujeru da butar shayi kawai, amma lokacin baje kolin Pazhou sai ka ga mutane a tsaye har bakin lifta. Kuma yana da hanyarsa ta gwaji. Wasu da kiɗa suke gwada sifika, wasu da karatu, shi da muryata yake gwadawa. Wata rana tun kuna nan, ina kicin ina kiran ku cin abinci, ashe ya kunna waya yana ɗauka ban sani ba. Abin da na faɗa ke nan:

"Zainab, Usman, Habiba, ku zo abinci zai huce. Usman, wanke hannunka, ƙazami kawai. Ku kira wancan ma."

Wancan ɗin shi ne yayanku. Da na gano na yi faɗa har na gaji, ya bar ni na gama sannan ya ce duk duniya ba sautin da ya sani kamar wannan, in sifika ta ƙara mini kaushi ko ta rage mini faɗa, to ƙarya take yi, ba za ta hau jirgi ba. Haka aka yi shekaru ma'aikatan masana'antu suna jin ina ce wa Usman ƙazami, har wasu suka haddace suna maimaitawa ba su san me suke faɗa ba. Usman, ka yi haƙuri, kai ka fara shahara a China kafin yayanka.

Jita kuwa tun yana sakandare ya ɗauko ta. Mahaifinku bai hana ba, ya ce wasan yara ne, zai bari da kansa. Bai bari ba. Ya girma, gemu ya fito, da rana yana tafinta a masana'antu, ranakun hutu yana wajen abokansa. Su huɗu ne: shi, da wata siririyar yarinya mai tabarau sunanta Lin, ita ce mai waƙa, da samari biyu, ɗaya a ganga ɗaya a babbar jita mai kaurin murya. Ba kamfanin da ya ɗauke su, su suke haɗa abinsu da kansu, kuma sunan ƙungiyar har yau harshena bai iya shi ba. Abin da nake ji ta ƙofar ɗakinsa bai yi mini kama da kiɗa ba, ya fi kama da injin markaɗen maƙota. Kullum tsorona ɗaya, kada labari ya kai Kano a ce ɗan Alhaji Sabo ya zama makaɗi. A shekarar da nake ba ku labari suka fara haɗa albam ɗinsu na farko, ni ban ma san an fara ba.

Hankalina a lokacin yana kan mahaifinku. Tun kafin baje kolin bazara na ga ya canja. In na yi magana sai ya juyo da kunnen hagu. Mutumin da ba ya son fanka ya koma kunna ta har ƙarshe. Ba ya iya zama, daga taga zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa taga, in na tambaya ya ce zafi ne. Ni ma sai rashin zaman ya kama ni, na kwance akwatina na sake ɗaurewa, na wanke tukwanen da ba su yi datti ba. Gida ya zama mutum biyu suna kewaya juna.

Ana cikin haka Elhaj Mamane ya iso daga Maraɗi, tsohon abokin cinikin mahaifinku ne, da babbar oda. Suka tafi wata masana'anta a bayan gari su uku har da yayanku. Ban je ba, daga baya na ji yadda aka yi. An jera sifiku, aka zo gwaji, wayar Alhaji ba caji. Sai ya ce wa yayanku ya sa muryata daga tasa wayar. To ashe shi yana da ita iri biyu: wadda ubansa ya ɗauka, da wata waƙarsu da ya cusa muryar tawa a tsakiya. Ya ce mini hannunsa ne ya zame. Ni kuwa na san abin da na haifa, so yake ubansa ya ji, ya rasa ta inda zai fara. Waƙar da rugugin jita take buɗewa, kafin ganga, kafin murya. Ko numfashi biyu ba a yi ba Alhaji ya ɗaga hannu ya ce sifikar ta fashe. Aka jona ta biyu, yaron ya rikice ya sake kunna abin daga farko, Alhaji ya ce ita ma. Ta uku ma haka. Sai ya ce kayan duka ba za su hau jirgi ba. Mai masana'antar, wanda suke ce wa lauban, ya yi ta kaɗa hannu yana cewa meiyo, meiyo, wato babu, babu abin da ya fashe, kiɗan ne haka. Amma wa zai fassara? Tafintan shi ne mai kiɗan. Ya fassara maganar ubansa tsaf, ta lauban kuwa ya haɗiye, don ba zai iya buɗe baki a gaban baƙo ya ce wa mahaifinsa ka yi kuskure ba. Elhaj Mamane ya miƙe ya karkaɗe rigarsa ya ce:

"Bon, in Alhaji ya ce kaya ba su da kyau, an gama. Jirgi shi tahi, mu jira na gaba."

Jirgi kuwa ya tafi ba kayan. Da yamma yayanku ya zo ya tsaya a bakin kicin, ya ba bango labari ina yanka albasa, don haka muke magana ni da shi, ba ma kallon juna. Raina ya ɓaci sau biyu. Na farko ya bari ubansa ya ƙi kaya masu kyau a gaban mutane. Na biyu muryata, muryar matar aure, ya ɗauka ya sa a kiɗa don duniya ta ji. Na faɗa masa maganganu, ya tsaya ya sha. Washegari bayan la'asar, da Alhaji ya ci abinci, na zauna na warware masa komai. Na shirya wa faɗa, amma bai yi ba. Ya kalli fanka ya ce:

"Wato sifikun lafiyarsu ƙalau?"

Na ce ƙalau.

"Hajiya, da can ko ina barci zan bambanta kukan jita da na sifikar da ta yage. Watanni ke nan wani abu yana yi mini ƙara a kunne, kamar gyare ya shiga ya ƙi fita. Ko ke in kina magana, ta bayansa nake jin ki."

Ran nan na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba a ƙasar mutane. Mun je asibiti, suka ce ba ya warkewa, sai dai a saba. Shi da ƙafarsa ya koma masana'antar ya ba lauban haƙuri, ya kira Elhaj Mamane ya ce kunnensa ne ya gaza, bai ambaci yaron ba ko sau ɗaya. Sannan ya yanke hukunci: ya gama da China, za mu koma Kano mu duka, yayanku zai zauna a shago. Abin da na yi shekaru ina roƙo ke nan, ya kamata in yi murna, amma ko zama na kasa. Shi kuwa yaron da aka gaya masa, cewa ya yi to. Ya naɗe wayoyin jitarsa, ya ɗora ta a saman kabad, ya fara taya ni ɗaure kaya. Ba zai zauna ba sai da yardar ubansa, kuma ba zai roƙa ba, don yana ganin shi ya jawo komai.

Lin ce ta zo roƙo. Ta shigo da ledar lemo, ta cire takalmi, tana ce mini ayi, wato gwaggo. Ta yi magana mai tsawo, yayanku ya ƙi fassarawa, sai ta ciro waya tana faɗa wayar tana juyawa da Turancin da nake tsinta kaɗan-kaɗan. Albam ya yi rabi, suna buƙatarsa har kaka, in ya tafi abin ya mutu, don a kiɗan nasu ita rana ce kawai take kawowa, hazon nasa ne. Na ce mata mu a wajenmu ɗa yana bin ubansa ne. Ta ce to in zo in ji sau ɗaya kafin mu tafi. Na ce ba na zuwa. Bayan kwana biyu na ce wa Alhaji zan je sayen tsaraba, na sa yaron a gaba ya sauko da jitar, muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa. Ba tausayi ne ya kai ni ba, gidan ne ya ishe ni.

Wurin nasu wani ɗaki ne a tsohuwar masana'anta a unguwar Haizhu, an lulluɓe bangon da katifu, ga zafi, ga warin sigari. Suka ba ni kujera. Yayanku ya rataya jita ya sunkuyar da kai, ya zuba wa ƙafafunsa ido, yana taka wasu 'yan akwatuna da aka jera a ƙasa. Na ɗauka kunyata yake ji. Lin ta ce a'a, haka ake yin irin wannan kiɗan, masu yinsa ba sa kallon mutane, akwatunan suke kallo, su ne suke mayar da jita hazo. Na ce a raina, ashe an yi kiɗan da ya dace da ɗan fari. Suka fara. Rugugin ya cika ɗakin kamar ruwan sama a kan kwano, har na ji shi a haƙorana. Ina shirin tashi sai ganga ta shigo da sauƙi, muryar Lin ta biyo, siririya, mai fara'a, irin waƙar da yara suke yi a dandali da hantsi. Ban san me take cewa ba, amma na ga ƙafata tana motsi a ƙarƙashin hijabi. Daɗin yana nan, sai dai daga nesa yake zuwa, sai ka miƙa kunne ka nemo shi a cikin ƙarar. Can tsakiya komai ya lafa, sai ga ni. Na kira Zainab, na kira Usman, na kira Habiba. Na ce ku kira wancan ma. Nan ya sa maganar ta yi ta dawowa, wancan ma, wancan ma, kuma duk dawowar sai jitarsa ta amsa da wani dogon sauti mai rawa.

Nan na gane abin da ban taɓa tsayawa na duba ba. Yaron nan tun haihuwarsa bai taɓa jin sunansa a bakina ba. Bai yi fushi ba, bai tambaya ba, ya san al'ada. Ya dai ɗauki kiran da ba sunansa a ciki ya zauna yana amsawa. Zuciyata ta karye, na ji kamar in tashi in riƙe kansa, ban tashi ba. Da suka gama duk suka zuba mini ido, ni kuwa na tambaye su ko sun ci abinci.

Muka koma gida. Na san ba zan iya zuwa gaban Alhaji in ce bar ɗana ba, bakina ba zai ɗauka ba. Sai na bi ta hanyar da na iya. Na ce masa tunda nake da shi ban taɓa ganin ya ƙi kaya bai saurara har ƙarshe ba, sai wannan karon. Na ce ba ruwana da yaro, sunansa na ɗan kasuwa nake karewa, ya ji abin har ƙarshe sannan ya ƙi shi da hujja. Ya kalle ni ta gefen ido, ya san inda na dosa, amma ya rufa mini asiri. Ya ce a kawo masa ofis.

Ofishin a lokacin an kwashe komai, saura kujera ɗaya da sifika ɗaya da ya ƙi sayarwa don ta fi kowacce gaskiya. Da hantsi ne, motoci suna ta wucewa a Liuhua Lu. Ya zauna ya rufe ido kamar yadda yake yi a masana'anta, yayanku ya jona wayar, ni ina tsaye a bakin ƙofa da jaka kamar mai shirin gudu. Rugugin ya taso, na ga hannun Alhaji ya ɗago, sai ya mayar da shi kan gwiwa. Ya saurara har ƙarshe. Ya ce a sake. Ya ce a ƙara murya. A na biyun na ga kafaɗunsa sun sauko, abin da na yi watanni ban gani ba. Da ta ƙare bai buɗe ido ba ya ce:

"Gyaren ya yi shiru. Ya shige cikin jitar nan ya ɓace. Na ji uwarka tas, kamar tana kicin."

Yayanku ya durƙusa a gefen sifikar, kansa a ƙasa.

"Wa ya koya maka ajiye murya a ƙarƙashin ƙara ba ta nutse ba?"

"Kai ne, Baba. Kai ka ce sifikar kirki ita ce wadda za a ji Umma a cikinta ko a tsakiyar kasuwa."

Alhaji ya tambaye shi saura nawa, ya ce rabi. Ya tambaya sauran ma haka suke, ya ce wasu sun fi haske, wasu sun fi hazo, amma ba a gama gyara su ba. Sai mahaifinku ya buɗe ido ya ce:

"Ni ban taɓa loda kayan da ba a gama ba. Ka zauna ka gama. Na yarda, Allah ya yi maka albarka. Murya kuwa ba tawa ba ce, ga mai ita nan."

Suka juyo gare ni. Na tuna Kano, na tuna abin da mata za su ce a gidan biki. Na ce wa bango a bar ta, amma a cire wajen ƙazami, don Usman zai yi aure wata rana. Alhaji ya yi dariya har da tari ya ce wannan wajen ne ya fi gwada sifika. Ba a cire ba. Ku je ku saurara, yana nan.

Muka dawo Kano mu biyu, daga nan kun san wani ɓangare. Kun ga mahaifinku yana zama a zaure bayan azahar da iyafis a kunne, kun ɗauka wa'azi yake ji. Wani lokacin wa'azin ne, amma in gyaren ya matsa masa, waƙar nan ɗaya yake sawa, ita kaɗai take ba shi hutu. Kun ga yadda hawan jini ya kayar da shi da damina, kun yi jigilar asibiti, Allah ya saka muku. Abin da ba ku gani ba shi ne ranar da yayanku ya kira, kun fita neman magani, ni kaɗai ce a ɗakin. Na gaya masa jikin ya yi tsanani, ya ce yana kan hanyar sayen tikiti. Alhaji ya miƙo hannu na ba shi wayar, na ƙure masa murya don ya ji. Harshensa ya yi nauyi amma maganar ta fita.

"Ka gama?"

"Saura kaɗan, Baba. Gobe zan taho, aikin ya jira."

"Ban yarda ba. In ka taho ka bar shi rabi, ba da izinina ka taho ba. Ka gama ka kawo mini in gwada."

Na ji kukan yaron ta cikin wayar, yana roƙo, uban yana cewa a'a. Na so in fizge wayar in ce taho, wallahi na so. Amma mijina ne yake magana da ɗansa, kuma na ga fuskarsa, ba rikicin ciwo ba ne, yana cikin hankalinsa sarai. Shi ya san abin da ya ji a ofishin nan, kuma yana ganin zai kai kaka. Mu duka mun ɗauka zai kai.

A kwanakin ƙarshe kunnen ya kusa rufewa gaba ɗaya. Likita yana magana ba ya ji, ni ina gefensa ina magana sai dai ya bi bakina da ido. Wata rana da rana ya nuna mini iyafis, na sa masa. Ina zaune bakina a rufe, ina riƙe da hannunsa, sai na ga ya yi murmushi ya ce, to Hajiya, ga mu nan zuwa. Ni ya amsa wa, amma ta cikin aikin ɗansa ya ji ni. Bayan kwana biyu ya cika da kalmar shahada a bakinsa, Allah ya jiƙansa. Aka kai shi kafin la'asar kamar yadda addini ya ce. Yayanku ya baro komai a ranar, ya iso ƙasa ta riga ta rufe. Kun tare shi da fuska a ɗaure, ya karɓa, kuma ya roƙe ni kada in faɗa muku abin da mahaifinku ya ce masa a waya, wai gara ku ji haushinsa da ku ji na mahaifinku. Roƙon ya yi daidai da kunyata, sai na fake a bayansa. Bayan addu'ar bakwai ya koma ya gama, don umarnin da aka ba shi ke nan.

Albam ya fito da kaka. Hoton da ke jikinsa barandarmu ce ta Xiaobei, rana tana dukan shanyar da ba ta bushewa. Bai zama attajiri da shi ba, sun dai zaga garuruwa suna kaɗawa a ƙananan wurare, har yau kuma suna yi. Da rana yana zuwa masana'antu yana saurarar sifiku, Elhaj Mamane ba ya rufe kwantena sai ya ji ta bakinsa, kuma da muryar nan dai yake gwadawa. Ya aiko mini da faifan, yana cikin akwatin nan da na yi shekaru ina ɗaurewa. Ban ce ku so kiɗan ba, ni ma rabinsa har gobe injin markaɗe nake ji. Na dai ce ku daina cewa ya zaɓi jita a kan ubansa. Ubansa ne ya zaɓa, shi ya yi biyayya, kuma a cikinku ba wanda biyayya ta ci wa abin da ta ci masa.

Ya ce zai zo Babbar Sallah. Ni zan yi girkin da hannuna ko da a zaune ne, kuma faranti ɗaya zan zuba, babba, irin na da. Zainab, ki taho da wuri. Usman, ka wanke hannunka. Habiba, ki buɗe baki ki gaishe shi. Wannan karon ba zan aiki kowa ya kira wancan ba. Na rubuta a nan don hannuna ya fara sabawa kafin bakina.

Mubarak, ka zo, abinci zai huce.